Furannin Zanen Innarmu

Ina da shekara goma sha ɗaya innarmu ta rasu, aka mai da ni Argungu wurin kakata. Kaka mace ce mai zargi. Ko fura maƙwabciya ta aiko mata, sai ta sansana ta juya ta kafin ta kai baki. Amma da an sauke tukunyar tuwo, garwashi na ja a murhu, takan miƙe ƙafa ta ba mu tatsuniya, mu manta da halinta.

Ana saura mako biyu ƙaramar Salla, wata tela daga Nasarawa ta Birnin Kebbi, Maman Ngozi, ta zo makarantarmu. Ta koya mana yin furanni da ƙyallaye, marfin kwalba da ledar alewa, irin waɗanda ake maƙalawa a kayan barka da Salla. Ta ce za a sayar, a ɗinka wa marayu kaya. Na dawo gida da zumuɗi, na ɗauko wani shuɗin zanen innarmu da ya yage, na yanka, na yi fure bakwai.

Bayan shan ruwa Kaka ta gan su a cinyata. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ac ce ki taɓa zanen ga? Mi baƙuwa za ta yi da tsummokaran mutane?"

"Kaka, don marayu ne."

"Ke ɗiyar wa ta? Matso, ga wata tatsuniya nan tahe."

Wai a garin Gulma an yi matar wani masunci. Wata baƙuwa ta roƙe ta ƙyalle ta ɗaure rauni, ta yaga bakin zanenta ta ba ta. Ashe baƙuwar aljanar ruwa ce. Tun daga ranar, kullum da magariba matar sai ta ji ana jan zanenta wajen gulbi. Yau taku ɗaya, gobe taku biyu, har ranar da mijin ya tarar da takalmanta a bakin ruwa.

"Abin da yat taɓa jikin mutum ba ya hita gida," in ji Kaka.

Na ji tsoro, amma na fi jin haushi, don ban taɓa jin wannan tatsuniya ba, kuma na ga ta zo daidai da bukatar mai ba da ita. Da safe na ɓoye furannin a jaka na kai. Bayan kwana biyu Maman Ngozi ta ce nawa aka fara saye, wata tsohuwa ta kwashe duka bakwai ko tayi ba ta yi ba. Na faɗa wa Kaka don in ƙure ta. Ta taɓe baki ta ce Allah ya kyauta.

Na girma da halin nata. Har yau ba na barin ƙyallena a shagon tela, kuma ba na iya faɗin dalili.

Da Kaka ta rasu, ni na buɗe akwatinta. A can ƙasa, cikin ɗankwali, na tarar da furannin bakwai cif. Na zauna ina tambayar kaina: asiri take tsoro, ko zanen 'yarta ne ba ta iya rabuwa da shi? Sai na sansana ɗaya, yadda takan yi da fura. Turaren innarmu ne. Kwalbarsa na nan a gefe, saura kaɗan.