Jan Waken Dinatu, Kwalba ta 312

A shekarar 1976 na fara sanin Shekari, lokacin ina koyar da lissafi a wata firamare a Samaru. Wata Asabar ya yi sallama a ƙofarmu, matata Dinatu yake nema. Ya ji ta zo da wani jan wake daga ƙauyensu, yana son iri. A wajenmu aron iri ake yi, ba a saye: a zuba maka cikin tafin hannu, bayan girbi ka mayar da ɗan ƙari a kai. Dinatu ta zuba masa. Girbi ya zo ya wuce, shiru. Bayan shekara uku ƙwari suka cinye nata, irin ya ɓace a gidanmu, kuma tun daga nan duk ranar da ta dafa waken kasuwa sai ta ambaci Shekari, ba da alheri ba.

Shekari lebura ne a wani ɗakin ajiyar iri na masu binciken noma. Don neman yabo ya nuna wa shugabansa waken, aka zuba a kwalba, aka liƙa masa lamba 312, ya zama kayan hukuma. Shi ke shuka shi don a sabunta, amma ba shi da ikon fita da ƙwaya ɗaya. Ya yi ritaya, aka sake riƙe shi, domin babu wanda ya san inda komai yake sai shi.

Bayan shekaru masu yawa sai ga sabon shugaba, Dakta Amaechi, saurayi mai ƙwazo, da na'urar da ke karanta gadon halittar tsiro daga ɗan guntun ganye. Kantocin kwalabe sun cika, yana so a rage irin da suke kama da juna. Ya duba gurbi goma sha biyu a cikin gadon halittarsu, ya tarar waken kwalba ta 312 da na ta 87 ba su bambanta ba.

"Baba, tagwaye ne. Zubar da 312."

"Yallaɓai, ɗaya itace uku ke dafa shi, ɗaya sai biyar."

"Ni ba tukunya nake aunawa ba. Ko tsakanin mutum da biri ma, bambancin bai fi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba."

"To ai ɗan wannan ne ya hana biri zama dakta," in ji Shekari, yana share kanta.

Dakta bai yi dariya ba, ya sa hannu a takarda. Shekari ya ɗauki kwalbar yana murna a ciki: abin da hukuma ta zubar ba sata ba ne. Ya shuka shi a bayan cocinsu a Muchia.

A daminar nan ƙuduji, ciyawar da ke tsotse saiwar wake, ya mamaye gonar gwaji, 87 ya bushe ƙurmus. Bayan coci ma ƙudujin ya fito, amma jan wake ko a jikinsa. Da Dakta ya ji labari, ya zo har Muchia da takalmi mai sheƙi, ya tsuguna ya tsinki ganye. Wannan karon gurbi dubbai ya duba, ya gano bambancin. Ya rubuta takarda, ya hau jirgi ya karanta ta a ƙasar waje, aka tafa masa. A shafin godiya an ambaci na'urar har da sunan kamfaninta, sannan "ma'aikatan gona". Shekari ya ce ba komai, da ma na'ura ba ta da 'ya'yan da za su tuna da ita.

Lahadin da ta biyo bayan girbi muka dawo daga sujada, muka tarar da 'yar ƙwarya a bakin ƙofa an rufe ta da faifai. Ba wasiƙa, ba saƙo. Dinatu ta juye jan waken da ke ciki a tafin hannunta, ya cika, har kaɗan ya zuba ƙasa. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza da sauran haƙoranta.

"Shi ne," ta ce. "Malam, tsince min waɗanda suka zuba."