Bakin da Na Ara wa Tsohuwar Cikin Fim

Na ga abubuwa da yawa a duniya, yawancinsu na bar su inda na gan su. Amma wata Juma'a a Bur Dubai, kafin zuwan korona, ita kam ba zan manta da ita ba har a rufe ni da ƙasa.

Girki nake yi a gidan wani likita ɗan ƙasarmu. Matarsa, Hajiya, ba muguwa ba ce, sai dai kafin ta amsa gaisuwarka sai ta dubi takalminka. Tana da ƙane, ma'aikacin banki, wanda ya ga wata 'yar Zangon Kumasi mai guga a wani otal a unguwar Port Saeed, nan Dubai, ya ce ita zai aura. Iyayen su Hajiya sun rasu, magana a hannun Hajiya take. Ina yanka albasa na ji tana ce masa, "Ƙafarta ba za ta taka falona ba. Je ka tambaye ta sunan kakanta, in ta sani." Bawan Allah ya rame. Ni kuwa na san yarinyar, muna haɗuwa a kwale-kwalen da ke tsallakar da mutane zuwa Deira. Takan karɓi kayan cefanena ta riƙe, ba ta san ma a gidan wa nake ba.

Duk Juma'a bayan la'asar ƙawayen Hajiya sukan taru, matan manyan ma'aikata. Ran nan ɗayarsu ta zo da wani fim na zamanin da, baƙi da fari, ta ce irinsa wayayyu ke kallo. Aka kunna. Mutane suna ta motsa baki, babu murya, sai kiɗa. Rubutun da ke fitowa kuma wani yaren Turawa ne daban, duk digirinsu babu mai iya karantawa. Suka yi tsuru-tsuru, kowacce na jiran wata ta fara cewa ba ta gane ba.

Na shigo da sambusa. Don ta ba su dariya, Hajiya ta ce, "Iya, ke da ba ki yi boko ba, yau mun zama ɗaya. Faɗa mana me suke cewa."

Ba ta san da fim ɗin Indiya na girma ba. Ba ma jin ko kalma, mu muke sa musu magana. Na ajiye faranti, na zauna a ƙasa.

Labarin a fili yake. Ɗan masu hali ya so wata mai ɗinki, ya kawo ta liyafar gidansu. Uwarsa, tsohuwa mai hular gashin tsuntsu, ta ɗaga tabarau ta ƙare mata kallo tun daga takalmi. Tana buɗe baki na shaƙe murya na ce, "Ƙafarta ba za ta taka falona ba. Je ka tambaye ta sunan kakanta, in ta sani."

Falo ya ɗauki salati. Wata ta ce, "Tir! Wannan tsohuwa ba ta da imani." Da aka tura yarinyar waje cikin ruwan sama, har da masu share hawaye. Ina jin idon Hajiya a ƙeyata. Ban waiga ba.

Mai fim ɗin ta ce, "Hajiya, ke kin yi shiru."

"Ni ban san irin wannan hali ba," in ji Hajiya. "Gidana a buɗe yake ga kowa. Mutum ai mutum ne."

Na ce na bar mai a kan wuta. Ina shiga kicin na kira ƙanenta a waya.

"Ɗauko ta ku zo. Yayarka ta buɗe ƙofa a gaban shaidu."

"Iya, kar ki sa ta tsine mini."

"Yalla, maza, kafin fim ya ƙare."

Kafin magariba sai ga su. Yarinyar ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa ta gaida kowa da Hausarsu ta Gana. Matan nan idonsu bai bushe ba, suka jawo ta tsakiyarsu. "Masha Allah, Hajiya, amarya gare ku kika ɓoye mana?" Hajiya ta yi murmushi irin na wanda ya tauna barkono a gidan surukai, ta nuna mata kujera da hannunta. Ta san abin da matan nan suka gani, kafin safiya duk Hausawan Dubai sun ji shi. Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure.

Da baƙi suka watse ta same ni ina wanke-wanke. "Iya, ke shaiɗaniya ce."

"Fassara kika ce in yi, Hajiya."

Ba ta kore ni ba. Ta dai daɗe ba ta ce girkina ya yi daɗi ba.

Ban ga ƙarshen fim ɗin ba, an ce mai ɗinkin cikinsa baƙin ciki ne ya kashe ta. Abin da na koya kaɗan ne. Masu hali suna da tausayin talaka, amma sai yana bayan gilashi, ba ya magana, ba zai zauna musu a kujera ba. In ka ga hawayensu ya zubo, kar ka tsaya kallo. Shigo da naka talakan kafin su goge ido.