Yarinyar Kan Allo da Autarmu

Shekara talatin da ɗaya mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi yana hawa tsani. Aikinsa ɗaura talla a manyan allunan bakin titi, irin waɗanda sai ka ɗaga kai wuya ya ƙage kafin ka ga ƙarshensu. Da farko takarda yake liƙawa da gam, daga baya aka koma tamfol mai hoto, ana ɗaurewa da igiya. Duk abin da mutanen gari suka yi sha'awa, ta hannun Baba ya bi: firji, waya, madara, mota. Ko ɗaya bai taɓa biyo shi gida ba. Abin da ke biyo shi tsatsa ce a tafin hannu, da ciwon bayan da ba ya so a yi zancensa.

Mu huɗu ne 'ya'yansa, a ɗaki biyu. Mu manyan mun gane da wuri, muna kallon allo yadda ake kallon jirgin sama. Autarmu ce ba ta gane ba, kuma ban ga laifinta ba, shekararta shida.

A mararrabar da muke bi zuwa makaranta, Baba ya ɗaura hoton wata yarinya a kan jan keke, da farin takalmi, tana dariya haƙora duk a waje. Muka zo wucewa yana kan aikin. Auta ta hango shi can sama yana shafa fuskar yarinyar da tafin hannu, don tamfol ɗin ya miƙe. Ta tsaya cak. Da ƙyar na ja ta, ranar mun makara.

Da yamma ta ce ya saya mata keke. Baba ba ya cikin iyayen da ke cewa “gobe” don yaro ya yi shiru. Ya ce, “Ba ni da halinsa, Auta.”

“To ita wa ya saya mata?”

Muka kwashe da dariya, yayanmu har yana cewa ashe Baba yana da wata 'ya a sama ba mu sani ba. Har yau ina jin kunyar dariyar nan. Mu wasa muke, ita kuwa ta ɗauka gaske ne.

Daga ranar ta daina tarbarsa a ƙofa, ita da ke rigima sai ta riƙe masa igiya. In ya kira ta, sai ta ɓuya bayan Mama. Mama ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce hoto ne kawai. Auta ta ce ai da idonta ta ga yana shafa mata kumatu. Baba kuwa, ina ganin yadda yake ɗan tsayawa a bakin ƙofa kafin ya shigo, ko za a fito masa. Wata biyu ana haka, har damina ta sauka, rufinmu ya fara yoyo daidai kan tabarmar Auta. Mutumin da ke tsayawa kan siririn ƙarfe a sama ko gezau, sai ga shi 'yar mitsitsiyar yarinya ta hana shi cin abinci. Ya ba ni tausayi ƙwarai.

Ranar da wa'adin tallar ya cika, ya ce in riƙo hannunta mu bi shi. Bai kai mu gaban allon ba, ta baya ya zagaya da mu. Babu komai sai ƙarafa masu tsatsa, da sheƙar tsuntsu, da ledoji da iska ta maƙala. Ya hau ya kwance igiyoyi, yarinyar ta zamo ƙasa kamar shanyar da ta faɗo. Ya baje ta a ƙasa.

“Zo ki taɓa keken,” in ji shi.

Ta taɓa, yatsanta ya ɗauko ƙura. Daga kusa babu fuska, sai ɗigo-ɗigon launi. Ta dube ni ta ce, “Yaya, ina ta tafi?”

Baba ne ya amsa. “Ba ta je ko'ina ba, dama haka take. Masu keke ne suka biya aka sa ta dariya, don ki ji an bar ki a baya. Keken na gaske ne, yana shago, kuma yana da kyau. Ba zan ce kada ki so shi ba. Ni ne dai ba ni da kuɗinsa.”

Tsohon tamfol dama ma'aikata ake barwa, sai ya naɗe shi ya ɗora a kafaɗa. Muna isa gida hadari na haɗuwa. Ya jingina tsani, ya hau rufi, ya shimfiɗa tamfol ɗin a inda ke yoyo, fuskar yarinyar na kallon sama, ya danne shi da tsofaffin tayoyi.

Auta na tsakar gida, kai a ɗage. Maganar farko da ta yi masa cikin wata biyu ita ce, “Baba, ruwa zai dake ta.”

Ya leƙo ya ce, “Ita ba ta jin ruwa, Auta. Ke kike ji.”

Keke dai bai taɓa shigowa gidanmu ba. Amma da Baba ya fara saukowa, sai ta je ta riƙe masa ƙafar tsani da hannu bibbiyu, ita da ko motsa shi ba za ta iya ba. An fara yayyafi, Mama na cewa ya yi sauri. Ban taɓa ganin ya sauko a hankali kamar ranar ba.