Ƙwaryar da anasara ta ture

Ni dai mutum ya zage ni ya fi mini sauƙi da ya ture ƙwaryata. Haka uwata take, haka na tashi, kuma wannan hali ne ya kusa ci mini ɗiya a shekarar da ruwa ya yaudare mu.

Lokacin soja ke mulki. An yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke cak. Nijeriya ma ta rufe iyaka, manyan 'yan kasuwar Maraɗi suka zauna a rumfuna suna kallon juna. Mu muna Tsibiri, gidanmu na bayan majami'a. Kirista ba mu da yawa a garin, kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Maigidana ya tafi Jiratawa ƙodago a lambunan mutane, sai ƙarshen mako yake leƙo mu, wani zubin da ƙullin zogala, wani zubin da gajiya kawai. Ya bar ni da yara uku. Autar ba ta daɗe da yaye ba, gashinta ya soma yin ja, cikinta ya fito, ƙafafu kamar sillen kara.

Ana cikin haka aka ce baƙi sun sauka a Maraɗi, 'yan majami'ar wata ƙasa mai nisa, sun zo aikin sa kai. Aka turo mana ɗaya, wata anasara doguwa, budurwa. Malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a ƙasarsu, ta ajiye aikinta ta taho, ba wanda ke biyan ta ko sisi. Don Allah wa ya aike ta? Rana ta gasa ta har fatar hancinta na saɓulewa. Hausarta kuwa, in ta gaishe ka sai ka riƙe ciki. Amma wajen aiki a bar ta. Tun safe tana farfajiyar majami'a tana auna wa mata jar dawa da garin madara, Musulmi da Kirista layi ɗaya, wani soja na gefe da bindiga a cinya yana gyangyaɗi. Da yamma sai ta bi gida gida tana duba yara, matar fasto na yi mata tafinta. Sai ta ga yaran gida kafin uwarsu ta shiga layi.

Da aka ce mini gobe gidana za su zo, na rasa inda zan sa kaina. Baƙuwa daga ƙetaren teku, ta shigo gidana ta fita baki bushe? Ina! Akwai ɗan gero da na ɓoye a gindin tulu, ko maigidana bai san da shi ba. Na fito da shi, na surfa, na daka, na yi fura. Babu nono, da ruwan tsamiya na dama. Na zuba a ƙwaryar da uwata ta ba ni ranar aurena, mai zane a baki, na rufe da sabon faifai. Na share tsakar gida har ƙasa ta yi sheƙi.

Suka yi sallama, na shimfiɗa tabarma. Maƙwabta sun leƙo ta saman danga, abin ka da gari. Na durƙusa, na buɗe faifai, na miƙa mata da hannu biyu.

Ta dubi furar. Ta dubi yarana da suka laɓe a bayana suna haɗiyar yawu. Idonta ya ciko da hawaye. Sai ta sa tafin hannu ta turo mini ƙwaryar, ta ce, "A'a, na gode. Ba yara."

Ko leɓe ba ta kai ba! Jama'a, ko ka ƙoshi har wuya ai kakan kurɓa, ka ce madalla, sa'an nan ka ajiye. Yaran ai su za su shanye, wa bai san haka ba? Amma a gaban maƙwabta ta nuna mini ni ba uwargida ba ce, mabaraciya ce, wadda ko ruwan baƙo ba ta isa ta bayar ba. Na ji kunya, na ji haushi, kunnuwana suka yi zafi. Matar fasto ta sunkuyar da kai. Anasarar ta duba auta, ta matsa ƙafarta, ta ce lalle in zo layi da safe. Ni kuwa a raina na riga na yanke: wadda ta ƙi shan nawa, ba zan ci nata ba.

Ban je ba. Ta aiko matar fasto da tiya biyu ta dawa a ƙulle, na ce ta mayar.

"Haba, yaya," in ji matar fasto, "baƙo fa makaho ne ko da idonsa. Tausayi ne ya sa ta."

Na ce, "Ta riƙe tausayinta, ni ma ina da nawa."

Muka koma ga anza. Wanda bai ga yunwa ba bai san anza ba. 'Ya'yan wani ɗan itacen daji ne, ɗaci kamar maɗaci. Sai ka ɓare, ka jiƙa, ka yi ta sake ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita, sa'an nan ka dafa kamar wake. Manyan yaran suna runtse ido su haɗiye. Auta kuwa in na sa mata a baki sai ta turo da harshe.

Maigidana ya zo daga Jiratawa ya ji labari, ranar an yi ta. Mutum ne mai sanyi, amma ya ɗaga murya har awakin maƙwabta suka firgita.

"Girman kai rawanin tsiya! Ke za ki kashe mini ɗiya saboda ƙwaryar fura?"

Na ce, "Kai ba kai aka wulaƙanta ba."

Ya ce shi zai je layin. Na ce bismilla, ya je ya tsaya cikin mata da ƙwarya a ka, gari ya samu abin faɗi. Bai je ba. Ya koma Jiratawa bai ko yi mini sallama ba.

Abin da ya karya ni shi ne ranar da auta ta daina kuka. Da can tana damuna da ƙananan koke-koke har in yi mata tsawa. Ran nan da safe na kwance ta daga goyo, ta kwanta shiru, ido a buɗe, ƙuda na sauka a bakinta ba ta ko motsa ba. Tsoro ya kama ni, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na ɗauke ta, na yafa zane, na nufi ƙofa. Na yi addu'a, na ce ya Ubangiji, ga ni zan je, amma ka san yadda ƙafata ta yi nauyi.

A bakin ƙofa muka yi kaciɓus da anasarar. Ita kaɗai, babu matar fasto, babu buhu, babu komai a hannunta. Ta yi sallama, ta wuce ni, ta zauna daɓas a ƙasa ba ta jira tabarma ba. Daga baya na ji matar fasto ce ta zaunar da ita ta warware mata zance, anasarar ta yi kuka har ta gode Allah, ta kuma sa aka koya mata abin da za ta faɗa. Ta ɗago kai, ta jera kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan lakwal:

"Uwargida, ina jin yunwa."

Wayyo ni! Ba abin da ke gidan sai anza, ita ma ba ta gama jiƙuwa ba, don na gaji da jira na dafa ta haka nan. Na ɗebo a ƙwaryar nan dai, na ajiye gabanta. Ta wanke hannu, ta ɗiba, ta kai baki. Fuskarta ta yamutse, wuyanta ya yi ja, hawaye suka zubo, wannan karon ba na tausayi ba. Ta haɗiye. Ta ƙara. Ta sake ƙarawa.

Na ce, "Ke, ya isa, kada ki mutu a gidana soja su kama ni."

Ba ta gane ba, ta ce, "Da daɗi."

Ƙarya a bakin 'yar mishan! Dariya ta ƙwace mini, ina dariya ina kuka, auta na kwance a kafaɗata. Ta miƙo hannu, na ba ta yarinyar. Ta duba idonta, ta buɗe bakinta, ta dube ni, ba sai an yi tafinta ba.

Da za ta tafi na rufe sauran anzar da faifai na ce ta kai gida, kamar yadda ake yi wa baƙo. Ta karɓa da hannu biyu. Kafin rana ta take ta dawo da ƙwaryar, cike da kunu mai madara, da ɗuminsa. A wurinmu ba a mayar wa maƙwabci ƙwarya wofi, wannan ba sadaka ba ce, zaman tare ne. Na karɓa ban ji komai a wuyana ba. Na zauna na ɗiga wa auta a baki da ludayi, ta haɗiye, ta ƙara haɗiyewa. Da yamma ta yi kuka, na ji kamar an yi mini bushara.

Anasarar kuwa anza ta kwantar da ita, ta yi ta zarya bayan ɗaki har matar fasto ta zo tana yi mini tsiya. Da ta warke muka ci gaba. In aika mata kwaɗon zogala in maigidana ya kawo, ko tafasa, ko abin da ya samu. Ƙwarya ta dawo da dawa, ko madara. Layin ma na shiga daga baya, kaina a sama, don yanzu wurin ƙawata nake zuwa.

Damina ta gaba ruwa ya sauka. Bayan girbi lokacinta ya cika, muka raka ta tasha a Maraɗi, auta a bayana ta yi nauyi har tana sa ni nishi, tana miƙa hannu tana jan gashin anasarar. Na ciko ƙwaryar da sabon gero na miƙa mata. Ta karɓa, sai fuskarta ta canja. Lokacin Hausarta ta ɗan nuna.

Ta ce, "Yaya, ƙasarmu da nisa. Yaya zan mayar miki?"

Na ce, "Riƙe. Ran da kika dawo kya kawo."

Ba ta dawo ba, ban kuma sake jin labarinta ba. Auta yanzu ita ma uwa ce, tana unguwar Zariya a Maraɗi da 'ya'yanta. Ta sha sayo mini ƙwarya mai kyau ta ce in maye gurbin waccan. Nakan ce mata a'a, waccan ba ta ɓata ba, tana gidan maƙwabciya.