Layin da Alƙalin Wasa Ya Ƙi Gogewa

Sana'arsa gyaran firji ce, amma a unguwar ba wanda ke kiransa da ita. Ja-Layi ake ce masa, kuma a filin ƙwallon kwando ya samo sunan. Tun yana saurayi yake alƙalanci, har furfura ta cim masa da usur a baki.

Dokar gasarsu ta ce koci ya miƙa sunayen 'yan wasansa kafin a fara, ya sa hannu. Wanda sunansa ke kan takarda zai buga ko da ya makara, wanda babu sunansa kuwa sai kallo. Inda alƙalai suka rabu shi ne ranar da wasa ya yi jinkiri. Wasu na cewa muddin ba a jefa ƙwallo sama ba, ƙofa a buɗe take. Shi kuwa da zarar koci ya sa hannu sai ya ja jan layi a kan guraben da suka rage, shi ke nan.

Ranar da abin ya faru, kocin masu masauki ƙanin matarsa ne, mutumin da ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Yaya, yau dai ka buɗe idon nan da kyau," in ji kocin, yana sa hannu.

Ja-Layi ya duba takardar ya ce, "Ina dogon yaron naka? Ga gurbi ka bari. Rubuta shi, ko daga baya ya zo zai shiga."

"Ya raina ni. Ko waya bai ɗauka ba. Ja abinka."

Ya ja.

Rufin zauren wasan yana yoyo, aka tsaya ana goge daɓe, wasa ya yi jinkiri. Ana cikin haka sai ga dogon ya faɗo da takalma a hannu, 'yan kallo suka ɗauki ihu. Fushin koci ya wuce nan take. Ya rugo teburin masu rubuta maki.

"Yaya, a ƙara shi. Ai ba a fara ba."

Alƙali na biyu ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. "Malam, ni a fahimtata da sauran lokaci. Dubi mutanen nan fa. Ƙofa ɗaya ce a zauren."

"Kocin baƙi ya tsara mutanensa a kan takardar da ya gani," in ji Ja-Layi. "An rufe."

Kocin ya juya wajen jama'a ya ɗaga hannu sama. "Ya hana! Mijin yayata ne ya hana!"

Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba. Robar ruwa ce ta fara sauka, sai takalmi, sai kujera ta tarwatse a kan teburin. Masu rubuta maki suka shige ƙarƙashi. Alƙali na biyu ya tuɓe rigar alƙalanci ya sulale cikin mutane.

Ja-Layi ya sa usur a baki don ya tsayar da su, kamar yadda ya saba tsayar da ƙarti. Usur ɗin na tsakanin haƙoransa wani ya kawo masa ƙafar benci a muƙamuƙi. Ya ji abu ya fashe cikin kansa. Ya durƙusa, ya tofar da usur haɗe da haƙora da gudan jini.

Suka ja shi da kwalar riga zuwa teburin. Wani ƙato ya danna masa fuska a kan takardar, ya cusa masa biro a hannu.

"Goge layin, tsoho! Rubuta shi, ko a fitar da kai a kwance!"

Yana ganin layin dab da idonsa, jininsa na ɗiga a kai. Ya buɗe yatsu, biron ya faɗi. Aka mayar masa, ya sake saki. Sai ƙaton ya shimfiɗa hannun a kan tebur ya sauke masa ƙafar bencin. Daga nan duka ta ko'ina, ƙafa a haƙarƙari, ƙafa a ƙeya.

Wani nauyi ya faɗo masa a baya. Ƙanin matarsa ne ya kwanta a kansa yana kuka. "Ku bari! Ni na ce ya ja! Wallahi ni na ce!" Shi ma sai da aka fasa masa kai kafin 'yan sanda su shigo.

Wasan dai ba a buga ba. An ɗaure muƙamuƙin da wayar ƙarfe, ya daɗe yana shan abinci ta tsinken roba. Matarsa ta hana ƙaninta taka ƙofar gidan, sai da shi da kansa ya yi mata alama da hannunsa mai lafiya cewa ta bar shi ya shigo.

Muƙamuƙin ya warke a karkace, ba ya iya riƙe usur. Yanzu a tebur yake zama, shi ke karɓar sunaye, da hagu yake jan layin. Duk ranar da ƙanin matar ya kawo takarda, a cike take har ƙasa, har da masu jinya da waɗanda suka yi tafiya.

"Yaya, duba. Ban bar maka wurin ja ba."

Ja-Layi ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da yatsan da ya lanƙwashe, sannan ya tura masa biro.

"Sa hannu, mai kan kwakwa."