Ƙasar da Na Wanke a Hanyar Ɗa'ifa

Ni na yi kuskure, Yaya Hajara ce ke da gaskiya. Wani mai rijiya a unguwar Shisha ta Makka ya ara mata ɗan fili, da sharaɗin ta raya itatuwa a ciki, in ba haka ba ya ba wani. Ta aike ni Ɗa'ifa ɗauko dashen rumman, ta ce, "Isa, ka zo da su da ƙasarsu. Farin zaren nan na jikin saiwa, shi ke ciyar da su."

Makka zuwa Ɗa'ifa

Na hau lori bayan asuba. A zangon Sailul Kabir askarawa suka duba mu, muka ci wake da gurasa. Da la'asar na isa lambun wani Balarabe, ya haƙo mini dashe huɗu, ya naɗe kowanne da ƙasarsa a jiƙaƙƙen buhu. Na kwana a rumfarsa.

Komowa

Da safe direba ya ɗaga buhu ɗaya, ya ce, "Ya Hajji, ƙasa ta ƙare a Makka ne?" Fasinjoji suka yi dariya, na ji kunya. Da muka tsaya a Sail na kwance buhunan, na ga farin abu kamar fumfuna ya lulluɓe saiwoyin. Na ce wannan ai cuta ce. Na wanke uku tas. Ina kan na huɗu direba ya yi ham, na bar shi.

Shisha

Yaya ta dubi saiwoyin nan tsirara.

"Haka ya ba ka su?"

"Haka, Yaya."

Ta dasa su haka. Kafin Juma'a ta zagayo ukun sun sunkuyar da kai, mai rijiya ya fara leƙowa. Sai ta tono ƙasa kaɗan daga gindin na huɗun, mai farin zaren, ta zuba wa sauran a saiwa, ta rufe da busasshen ganye.

Ɗaya ya mutu. Bayan wasu makonni na tarar biyun sun fitar da jan toho, mai rijiya na tsaye yana cewa, "Masha Allah, zauna abinki, Hajja." Sai a ranar abinci ya yi mini daɗi. Alhamdu lillahi.

Da ya tafi na durƙusa.

"Yaya, ba Balaraben ba ne. Ni na wanke su."

"Na sani. Wane mai lambu ne zai yi wa rumman wanka?"

"Na raina maganarki, na kuma yi wa bawan Allah ƙarya. Ki yafe mini."