Za Mu Neme Ki, Inna Lanti

Wata rana a Funtuwa, wata mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta tsaya a bakin murhu tana kallon tsohuwar da ke mata suya.

Mu kira ta Hajiya Delu. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar da kasko ɗaya, ta mai da shi takwas. In ta taya buhun gyaɗa, dillali sai ya cire hula ya share gumi. Ba ta shakkar idon kowa.

Sai na Inna Lanti.

Shekara goma sha tara tsohuwar nan tana kan kaskon farko. Ba duba gyaɗa take ba, saurarenta take yi. In ta juya da 'yar sakainarta ta ji ƙarar ta canza, sai ta ce, "Ku sauke, ta yi."

Kuma ta yi ɗin.

To amma tsufa ya kama ta, hannu ya fara rawa. Sau biyu tana kifar da kasko, har garwashi ya kama zanen wata.

Ana cikin haka, a gidan biki aminiyar Hajiya ta ja ta gefe, wai ƙanwarta Asabe tana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Hajiya ta ce ta zo. Ko mudu ɗaya ba ta ba ta ta soya a gani ba.

Matar da ba ta sayen gyaɗa sai ta ɓare ta tauna!

Saura sallamar Inna. Hajiya ta buɗe baki, kunya ta riƙe mata harshe.

"Inna, ki je gida ki huta. In aiki ya taso za mu neme ki."

"To, Hajiya. A dai kula min da kaskona. Kin san matan nan naki, gulma a baki, gyaɗa a wuta."

Aka yi dariya. Ta soke sakainarta a jikin rumfa inda ta saba, ta tafi.

Ku na yanzu ba za ku gane ba. Mutanen zamanin da, in uwar ɗakinsu ba ta buɗe baki ta sallame su ba, ta ba su abin sallama aka yafi juna, ba sa taɓa aikin wani gida. Cin amana ne a wurinsu.

Hajiya ta san haka sarai. Ta dai ga kamar tsohuwa za ta gane da kanta.

Asabe kuwa ta yi ta ƙona gyaɗa, mai ya koma ɗaci, masu sari suka fara ƙorafi. Ba damar kora, ƙanwar aminiya ce.

Bayan wata bakwai, Zinaru 'yar Inna ta tare Hajiya a kasuwa.

"Inna tana kwance, Hajiya. Sau uku mai ɗanwaken layinmu tana aikowa, tsintar wake kawai, a zaune, ga abinci safe da rana. Ta ƙi. Wai ba ki sallame ta ba."

Washegari Hajiya ta ɗauki turmin atamfa da galan ɗin mai. Duk hanya tana bitar maganar: Inna, aiki ya ƙare, na gode, ki yafe ni. Me ke da wuya a nan?

Ta iske ta a tabarma, ta rame kamar kara. Wayarta na gefen matashi. Zinaru ta ce kullum sai an kai ta caji, kada a kira a ji ta a kashe.

Inna ta dafa bango ta tashi zaune, tana gyara ɗankwali.

"Hajiya, aikin ne ya taso?"

Hajiya ta dubi idon nan.

"Saura kaɗan, Inna."

"Alhamdu lillahi. Zinaru, ban gaya miki ba? Hajiya ba ta magana biyu."

Atamfar ta koma kayan dubiya.

Kwana huɗu a tsakani Inna Lanti ta rasu. Tana ma'aikaciyar Hajiya.

Randa aka yi sadakar uku, Hajiya ta zaunar da Asabe, ido da ido, ta ce suya ba hannunta ba ce. Ta ba ta haƙƙinta, ta sallame ta. Maganar ko minti biyar ba ta ci ba. Aminiya ta yi fushin mako guda, ta huce.

Minti biyar.

Sakainar tana nan a jikin rumfa har yau. Hajiya ta hana a taɓa, ita ma ta kasa cirewa. Kowace safiya in gyaɗa ta canza ƙara a kaskon farko, sai ta waiwaya.

Ba kowa. Hayaƙi ne kawai.

Kada ku tambaye ni wace ce Hajiya Delu.

Darasi: In za ka ɗauki mutum aiki, gwada hannunsa, kada ka duba ƙanin wa ne. In za ka rabu da shi, dubi idonsa ka faɗa, ka ba shi haƙƙinsa, ku yafi juna. "Za mu neme ka" ba tausayi ba ne. Igiya ce ka ɗaura wa bawan Allah don kai ka huta da kunya.

Ku tura wa duk mai mutane a ƙarƙashinsa. Wataƙila yanzu haka akwai wadda ta kai wayarta caji saboda shi.